Hamisu Ya Ɗauka Wasa Nake

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Injiniya Hamisu, mutumin da ya kwashe shekarunsa na ƙarshe yana shirin tafiya sararin samaniya, ya ƙare bai iya tsallake gosulon Mararaba ba. Na san akwai masu karatun da za su ce ba haka ake buɗe maganar mamaci ba. Su yi mini haƙuri. Hamisu taubashina ne, mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce ciki ɗaya, kuma kowa ya san ɗan mace da ɗan namiji abokan wasa ne. An halatta mana mu yi wa juna tsiya tun daga yaye har tsufa, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, ba fushi, ba kai ƙara. Na yi shekara arba'in da ɗoriya ina cin moriyar wannan dama. Yau na zo in faɗi abin da ta jawo.

Ba don Hamisu nake wannan rubutu ba. Shi ya tafi inda addu'a kaɗai ke isa gare shi, Allah ya jiƙansa. Don 'yarsa Safiya nake yi, wadda na ga ta ɗauko hanyar ubanta sak, tana tafiya a kan wata ƙarya da ni na shimfiɗa mata da bakina ranar sadakar uku. In ba a tare ta ba, ina tsoron inda hanyar ta kai uban nan za ta kai 'yar.

Gida ɗaya muka tashi, makaranta ɗaya muka yi. Shi ne na ɗaya a aji kullum, ni kuwa ina can ƙasan takarda inda malami kan gaji kafin ya iso. Amma aikin gwamnati ba aji ba ne. Da muka zo Abuja sai aka haɗa mu a wani ɗan sashe na wata ma'aikata, wanda aikinsa shi ne ba manya shawara kan harkar sararin samaniya. Kada wani ya ɓata lokacinsa neman sunan sashen, an daɗe da narkar da shi cikin wani. Hamisu ya shiga a injiniya, ni a ɓangaren mulki. Kafin shekara goma na wuce shi da mataki biyu, na zama sakataren kwamitin da ke tace duk takardar da za ta hau teburin darakta. Ina zaune a Jabi, shi yana Mararaba, yana fitowa daga sallar asuba ya kama hanya don ya riga cunkoso. Ba zan ɓoye ba, wannan juyin ya yi mini daɗi, kuma ban bar shi ya manta ba ko da kwana ɗaya.

Gardamarmu guda ɗaya ce, ita muka yi ta juyawa shekara da shekaru har mutanen ofis suka haddace ta. Wa ya kamata a tura sama, mutum ko na'ura? Ni na'ura nake so. Ina ce masa in za ka tura ɗan Adam, sai ka tura iskar da zai shaƙa, da ruwan da zai sha, da inda zai kewaya, da hanyar da zai dawo. Yawancin nauyin kumbon ba ilimi yake ɗauke da shi ba, tsoron mutuwar mutum ɗaya yake ɗauke da shi. Na'ura kuwa tafiyar da ba dawowa take yi, ta yi shekaru tana aiki, ba ta neman hutun ƙarshen shekara, in ta mutu ba ta bar marayu ba. Balle mu, da manomin garin Uke ke son ya san yaushe ruwa zai sauka, mutanen bakin kogi ke son su san yaushe ambaliya za ta zo. Tauraron ɗan Adam ne zai gaya musu, ba wani ƙato yana ɗaga musu hannu ta taga ba.

Shi kuma ya ce na'ura tambayar da aka ɗora mata kafin ta tashi kaɗai take amsawa. Mutum ne ke ganin abin da ba wanda ya yi tunanin tambaya. Ya ce abin da motar na'ura ke rarrafe tana yi cikin watanni a duniyar Mars, masanin duwatsu da guduma zai gama shi tsakanin azahar da la'asar. Ya ce bai taɓa jin yaron da ya ce in ya girma yana so ya zama tauraron ɗan Adam ba. In na matsa masa, sai ya jefo wadda ya fi ji da ita: "Garba, in an yi maka mutuwa, wanda ya turo saƙon waya da wanda ya tako da ƙafarsa ɗaya ne?" Ni kuma in ce, "To bawa, wa ya mutu a wata da za mu je gaisuwa?" Sai ofis ya ɗauki dariya, shi ma ya taya su.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. A shekarun nan da ba ya nan, ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi ya tashi a iskar Mars. Na'ura ta je bayan wata, ɓangaren da ba ma gani, ta ɗebo ƙasa ta kawo gida. Roka ta koyi dawowa ta tsaya da ƙafarta ba hannun kowa a sitiyari. Madubin hangen nesa na can nesa da duniya yana aiko hotunan taurarin da ba idon da zai taɓa kai musu ziyara. Duk waɗannan nawa ne, kuma da yana raye da na yi masa rakiya da su har bakin motarsa kowace yamma. A nasa ɓangaren me aka samu? Attajirai suna hawa su leƙa na 'yan mintuna, su yi ta juyi suna ɗaukar kansu hoto, su sauko a ba su lambar yabo. Ana ta maganar mayar da mutum wata, ana ɗaga rana kamar bikin da ango bai shirya ba. Na san dai abin da zai ce. Zai ce ko leƙen ne, ai ido ne ya leƙa.

Wata shekara wani babba ya faɗa a wani taro cewa lokaci ya yi da ɗan ƙasar nan zai je sama. Irin maganar nan ce da ake yi don a tafa, a sha lemo, a watse. Kowa ya tafa ya manta, ban da Hamisu. Ya koma ya yi wata uku yana rubuta takarda mai kauri, yadda za a zaɓi mutane kaɗan, a haɗa gwiwa da wata ƙasa, a horar da su, ɗaya ya tafi. Aiki ne mai kyau, ban taɓa ganin takarda mai tsafta irinta ba a duk zamana na ofis. Har sharuɗɗan wanda za a zaɓa ya jera. Cikinsu akwai cewa kada a ɗauki wanda likita ya taɓa rubuta wa hawan jini ko ciwon zuciya. Da hannunsa ya rubuta wannan sharaɗin. Bai sa sunansa a ko'ina ba, amma duk wanda ya karanta ya san wa aka auna aka ɗinka wa rigar.

Takardar ta zo teburina, kamar yadda kowace takarda ke zuwa. Na rubuta shawarata a shafi ɗaya da rabi: kada a yi. A mayar da hankali kan hotunan tauraron ɗan Adam da horar da masu karanta taswira. Kwamiti ya amince cikin minti goma, don an riga an kawo abinci. Darakta ya ɗauki koren bironsa ya rubuta a gefen fayil, a ajiye tukuna.

Wanda bai yi aikin gwamnati ba ba zai gane ba. A ofis ba a rubuta a'a. A'a tana da mai ita, ana iya zuwa wata rana a tambaye shi dalili. Sai a ce a ajiye, masinja ya ɗauki fayil ya kai ɗakin ƙarƙashin matakala, inda gara ke yanke hukuncin ƙarshe. Mu na bene na sama duk mun san an yi jana'iza. Injiniyoyin da ke ƙasa, mutanen da suka saba in an ce biyu to biyu ce, su suka ɗauka jira ake. Kuma darakta, Allah ya yafe mana da shi, duk lokacin da ya haɗu da Hamisu a matakala sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Injiniya, muna kan maganarka, ka ci gaba da shiri." Hamisu ya ce, "Na gode, oga." Da ya ba da baya sai darakta ya kanne mini ido.

Ya kuwa ci gaba da shiri. Ya sayi takalmin kambas. Duk Asabar ya taso tun daga Mararaba ya zo ya zagaye tafkin Jabi da gudu, ya biyo ta gidana yana haki, in ba shi ruwa in tambaye shi ko an ga wata. Ya bar shan shayi da sukari, ya bar kilishi, ya shiga koyon wani harshen waje daga kaset a mota. Aka sa masa suna Ɗan Sama Jannati, ni na raɗa, har masu gadi da shi suke gaishe shi. Abu ɗaya ne bai yarda ya yi ba, shi ne ya miƙa hannu a auna jininsa. Hamisu mutum ne mai tsoron Allah, ba zai cike fom da ƙarya ba. Sai ya samo wa kansa mafita irin ta masu ilimi: in ba a auna ba, ba a rubuta ba, in ba a rubuta ba, ranar da aka tambaye shi zai ce babu, kuma bai yi ƙarya ba. Wata rana a kemis ina auna nawa, mai shagon ya jawo hannunsa cikin raha zai ɗaura masa abin awon. Ya fizge kamar an ɗora masa garwashi.

Shekara uku ana haka, sai wata Asabar da hantsi matarsa Zulai ta zo gidana ita kaɗai. Ba ta taɓa yi ba. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a bakin kafet, ta ce, "Yaya Garba, ba wasa ya kawo ni ba. Ɗan'uwanka ba shi da lafiya. Kullum hannunsa na ƙeya, shekaranjiya haɓo ya ɓata masa riga biyu. Na ce mu je asibiti, ya ce in aka rubuta masa hawan jini shi ke nan an cire shi. Don girman Allah ka gaya mini, tafiyar nan akwai ta ko babu?"

Na gyara zama irin na manya, na ce, "Zulai, maganar ofis ce, akwai rantsuwar rufe sirri a kaina. Amma ki bar ni da shi."

Ta yi godiya har da hawaye. Ta ɗauka ta kawo kuka inda za a share mata.

Na kuwa cika alkawari, irin cikawar da ta fi saɓawa muni. Ranar Litinin muna wajen mai abinci a bayan ofis, mu kusan goma a kan benci, na ɗaga murya na ce, "Bawa, ka daina wahalar da kambas. An binne fayil ɗinka tun shekara uku, ni na yi masa salla. Ka je a auna jininka kafin ka fashe mana a nan." Kowace kalma gaskiya ce. Amma da murya na faɗe ta irin wadda nake ce masa hancinsa ya fi ƙarfin hular 'yan sama jannati. Benci ya kece da dariya. Hamisu ya share hannu ya ce, "Hassada ce, jama'a. Tun muna aji uku yake fama da ita." Aka sake fashewa. Na tashi ina jin na sauke nauyi, in Zulai ta tambaya zan iya rantsewa na gaya masa.

Da aka tashi aiki sai na tarar da shi jingine da motata. Ba kowa a wurin. Bai kira ni bawa ba, kuma wannan ne karo na farko da na ji sunana a bakinsa ba ƙaya a jiki. Ya ce, "Garba, maganar ɗazu. Tsakaninka da Allah, wasa kake?"

Wasan taubasai yana da ƙofar fita, kowa ya san ta. In ɗayanku ya ajiye dariya ya haɗa ka da Allah, wasa ya ƙare, sai ka ba shi gaskiya tsirara. Kakanninmu da suka bar mana wasan ba su bar shi ba ƙofa ba. Hamisu ya buɗe mini ita da hannunsa, ya tsaya yana kallona, idonsa ja, hannunsa ɗaya a ƙeya. Kalma huɗu kawai ake nema a wurina, ba wasa nake ba. Sai na yi dariya na daki kafaɗarsa na ce, "Kai ma ka san ni." Na ga fuskarsa ta saki. Ya ce, "Ɗan banza, ka tsorata ni." Ya nufi motarsa yana murmushi, ya tafi ya shiga layin Mararaba.

Shekara goma sha ɗaya ina ba kaina dalilai. Na ce rantsuwar ofis ce, alhali sirrin da ya fi wannan na sha faɗa a wajen ɗaurin aure. Na ce tausayi ne, kada in karya masa zuciya. Ƙarya ne. In na ce masa ba wasa nake ba, tambaya ta gaba ita ce wa ya ba da shawarar, kuma rubutun hannuna ne a shafi ɗaya da rabin nan. Ban so ya sani ba. Akwai kuma wanda ya fi wannan ƙazanta, wanda sai da na yi ritaya na iya kallonsa. Ina jin daɗin ganin na ɗayan aji yana gudu a bakin tafki don abin da ni na san babu. Muddin yana gudun nan, ni ne mai wayo a gidanmu.

Wata bakwai bayan haka, wata Litinin da safe, motarsa ta tsaya a tsakiyar cunkoson Mararaba ta ƙi motsi, hon na ta kuka. Na bayansa suka yi ta zaginsa da Hausa da Turancin buroka, wani har ya sauko ya daki bayan motar. Wani dattijo mai tallan rake ne ya leƙa ta gilashi ya ga kansa a kife a kan sitiyari. Shi ya kira 'yan acaɓa suka ɓalle ƙofa, shi ya riƙe kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Ban san sunan mutumin ba har yau, ya koma garinsu kafin in neme shi, kuma ban yi saurin nema ba. Kafin a ratsa da shi zuwa asibiti rana ta take. Likita ta ce jijiya ce ta fashe a kansa, ta tambaye mu wane magani yake sha. Zulai ta kalle ni. Na kalli takalmina. A kujerar bayan motar akwai kambas ɗinsa da kaset ɗin koyon harshe, ya kai darasi na ashirin da wani abu.

Ranar sadakar uku na shiga cikin gida gaisuwa. Safiya tana da shekara goma sha biyar lokacin. Ta matso kusa da ni, idonta a kumbure, ta ce, "Baffa, da Baba bai rasu ba, da an tura shi?" Ɗaki cike da mata, duk suka juyo suna kallona. Na ce, "Sunansa ne na farko a jerin. Saura sa hannu kawai." Mata suka ɗauki salati, wata ta ce Allah sarki, ta leƙo ta koma. Na fita ina ganin na yi sadaka. Zulai kaɗai ba ta taya matan salatin ba. Daga ranar zuwa yau, tsakanina da ita ina kwana da lafiya lau.

Safiya ta girma ta karanta injiniya kamar ubanta, kuma kan nata irin nasa ne. Aikin da ta samu ya sa na yi ta washe baki: tana tuƙa ƙananan jirage marasa matuƙi a kan gonakin wajen Uke, tana zana wa ƙungiyar manoma taswirar inda ruwa ke kwanciya da inda tsutsa ta fara cin masara. Shafi ɗaya da rabina ke nan ya zama mutum yana yawo. Na riƙa faɗa a majalisa cewa na ci Hamisu gardama har cikin gidansa. Ka ji mugun hali, mutum na kabari ina ƙirga masa ci.

Watan jiya, wata Asabar, ta buga mini ƙofa tana haki, da kambas a ƙafarta. Daga tafki take. Na ba ta ruwa ina ƙare mata kallo, don na taɓa ganin wannan tsayuwar a wannan ƙofar. Ta ce wani shiri ne na ƙasar waje ya buɗe ƙofa ga mutanen ƙasashe irin namu, za a tace a ɗauki kaɗan a horar, ta shiga, ta tsallake zagayen farko. Tana magana tana murza ƙeyarta. Ni yanzu ina da na'urar awon jini a gida, ni da ban taɓa gudun ko taku goma ba, ina haɗiyar ƙwayata kowace safiya ina nan daram. Na ɗauko na ce ta kawo hannu. Ta mayar da hannun bayanta.

Ta ce, "A'a Baffa. Akwai tambayar a fom ɗin zagaye na gaba. In ba a auna ba, ban yi ƙarya ba. Gajiya ce kawai, wallahi."

Na ce, "Wa ya koya miki wannan lissafin?"

Ta ce, "Mama ta ce haka Baba ya yi, wai shi ya kashe shi. Amma ita ba ta gane ba. Kai ka ce saura sa hannu. Mutum ya zo dab da ƙofa haka, ai dole ya jure. Ni zan ƙarasa masa."

Ga ƙofa an sake buɗe mini, a falona, ba benci, ba 'yan kallo. Kuma Safiya ba abokiyar wasana ba ce, 'ya ce, abin da na faɗa mata shi za ta ɗauka. Kun san abin da na yi? Na yi dariya na ce, "'Yar bawa, taurin kan nan gado ne." Na sa aka kawo mata shayi, ta ce ba sukari. Na raka ta bakin titi, na tsaya har ta shiga motar Mararaba.

Ni ba likita ba ne. Ƙila gajiyar ce da gaske. Ƙila ma a ɗauke ta, ta je ta leƙo, ta dawo ta ƙaryata ni a gaban duniya, in kuwa haka ta faru ni zan fi kowa tafi. Ban zo in hana ta mafarki ba. Abin da ba zan iya ba shi ne in sake zama ina kallon mutum yana cinikin jininsa da wani jeri da ni na ƙirƙira.

In an tambaye ni yau wa ya yi gaskiya a gardamarmu, ba zan yi wa mamaci kara ba. Da za a sake kawo mini fayil ɗin nan, abin da na rubuta shi zan sake rubutawa. Ƙasar da mutum ke mutuwa a mota don ba hanyar kai shi asibiti, ba kujera a kumbo ce ta fi buƙata ba. Nesa kuma ta na'ura ce, ita za ta je inda ƙashi da tsoka ba za su jure ba, kuma yawancin abin da jikokinmu za su sani game da sama ita za ta gaya musu. Mutum zai bi baya a hankali, inda ya ga zai iya, don ba a taɓa hana ɗan Adam leƙe ya hanu ba. Wannan ra'ayina ne, ban sauya ba.

Amma tambayar nan tasa ta gaisuwar mutuwa, wadda na yi shekaru ina mayar masa da ita abin dariya, ban taɓa amsa ta ba. Akwai saƙon da ba a aikawa. Sai mutum ya tako da ƙafarsa, ya zauna, ya ajiye dariya, ya bari a kalli idonsa yana faɗa. Na'ura ba ta jin kunya, shi ya sa nake son ta. Sai yanzu na gane ba ilimi kaɗai ya sa na zaɓi ɓangarena ba, hali ne.

Me ya rage na Hamisu? Sashen ya narke. Darakta ya bi shi bayan shekara huɗu, aka cika jaridu da yabonsa. Fayil ɗin, in gara ta bar wani abu, yana nan ana ajiye da shi tukuna. Sunan da na raɗa masa ya fi sunansa na yanka daɗewa a bakin mutane, har yau in tsofaffin ofis sun haɗu sai wani ya ce ka tuna Ɗan Sama Jannati, a yi dariya kafin a ce Allah ya jiƙansa. Abin da ya rage na gaske shi ne yarinyar nan, da kansa, da gaskiyarsa wadda ba ta iya cike fom da ƙarya, da hannunsa a ƙeyarta. Ita ce kaɗai abin da ya bari wanda har yanzu ake iya ɓatawa.

Na san abin da ya kamata in yi. Daga Jabi zuwa Mararaba ba wata ba ne, ko da gosulo awa biyu ce. Sau uku ina ɗaukar makullin mota a watan nan, sau uku ina mayar da shi, don Zulai ce za ta buɗe ƙofa. Saboda haka ga shi na yi abin da na iya, na aiko na'ura, wannan rubutun ke nan. Hamisu, ka ci wannan, bawanka bai iya zuwa da ƙafarsa ba.

Safiya, babu jeri. Ba a taɓa yin jeri ba, balle sunan babanki ya zo na farko. An rufe maganar shekaru kafin ya rasu, ni na ba da shawarar a rufe, ya haɗa ni da Allah na yi masa dariya. Bai zo dab da wata ƙofa ba, ba abin da za ki ƙarasa masa. Ki tsane ni in kin ga dama, kina da hujja. Amma gobe da safe, kafin ki ɗaura kambas, ki tsaya a kemis ɗin bakin layinku ki miƙa hannu a auna.

Tsakanina da Allah, ba wasa nake ba.